Wankin da Wuro Hausa Ta Yi wa Bobboyi Mai Keke

Bobboyi yana nan da ransa, kada wanda ya ji na kama labarinsa ya fara salati. Ko jiya ya wuce ta ƙofar gidana a Wuro Hausa, ya ɗauko wata mata da buhun gawayinta a kekensa mai ƙafa uku, ya rage gudu ya gaishe ni da Fillanci kamar yadda ya saba. Jikinsa ƙalau. Sunansa ne ya mutu, shi kuwa suna ba a yi masa jana'iza balle a zauna makoki, shi ya sa na ce bari in faɗa.

Na san shi tun yana tsumma. Ɗan fari ne, uwarsa kuwa Bafillatana ce ta gaske, har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunansa ba. "Wancan yaron," haka take cewa, ko "mai gidan nan na gobe." Idan ya faɗi a gabanta sai ta kau da kai, maƙwabciya ta ɗaga shi. Mu da muka san kan abin mun san so ne ya yi yawa har ya zama kunya. A wannan tarbiyyar ya tashi. Ka taka masa ƙafa, shi zai ba ka haƙuri. Ya kwana da yunwa, ka miƙa masa tuwo, ya ce yanzu ya ci. Fulani suna kiran wannan pulaku. Ni dai na sha ce masa, "Kai yaro, pulakun nan naka wata rana sai ya kai ka rami ya kuma hana ka ihu."

Ubansa kiwon shanun mutane yake yi, bai bar masa ko ɗan maraƙi ba. Ya yi dako a tashar Jimeta, ya yi acaɓa har aka hana acaɓa a gari saboda masu harbi a kan babur, sannan ya karɓi keke haya. Ya auri Sabuwa. Sun haifi 'ya'ya, ƙasa ta karɓe, sai mace ɗaya ta tsaya, Munirat. Lokacin da mutanen Mubi suka kwararo mana gudun hijira da ƙafafu a kumbure, zaurensa da ko akuya biyu ba za su sake a ciki ba, sai da ya kwanar da iyali guda har damina ta wuce. Ba a bakinsa na ji ba. Shanyar kayansu na gani.

Sai shekarar da bam ya tashi a kasuwa a Jimeta. Ya sauke fasinja ke nan a bakin ƙofa, bai yi nisa ba, ƙasa ta girgiza. Duk mai ƙafa ya yi ta kansa, masu keke suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Shi sai ya juya. Ya riƙa kwasar mutane yana kaiwa asibiti yana dawowa. Cikin waɗanda ya ɗauka akwai Zipporah, 'yar Numan mai sayar da busasshen kifi, matar Malam Zadok da ke koyarwa a firamare. Da rawaninsa ya ɗaure mata cinya. Ƙafar ba ta tsira ba, amma ita ta tsira.

A nan wani ɗan banza mai waya ya ɗauki hotonsa, yana tsaye gefen keke, riga duk jini, ido ya fito. Kafin a yi sallar la'asar wani can da bai taɓa shan ruwan Binuwai ba ya manna hoton a shafinsa na intanet ya rubuta: ga mai keken da ya kawo ɗan ƙunar baƙin wake. Har da suna da unguwa, don a kasuwa ba a rasa mai bakin da zai ce, "Ai na san shi." Masu irin wannan shafi kuwa kamar karnukan mahauta suke, ɗaya ya ja hanji, sauran su bi. Masu kaki suka zo suka tafi da shi.

Ya daɗe a hannunsu. Da suka juya shi suka juya ba su ga komai ba, suka buɗe masa ƙofa suka ce ya tafi. Ya dawo kamar kara, haƙorin gaba babu. Kamun nasa duniya ta rubuta. Sakin nasa, ko kaza ba ta yi kuka ba.

Malam Zadok ya zo har gida, ni ina zaune wajen Sabuwa. Ya ce, "Bobboyi, tashi mu je gidan rediyo. Madam za ta yi magana, ni zan yi, likita ma ya ce zai yi. A faɗa wa gari abin da ka yi."

Bobboyi ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, na gode. Namiji ba ya tsayawa a kasuwa yana tallan alherinsa. Wanda na yi dominsa ya gani."

Na ce, "Ya gani, ba musu. Mala'iku ma sun rubuta. Amma nasu littafin sai ranar hisabi za a buɗe, na ɗan banzan can kuwa a buɗe yake kullum."

Ya yi murmushi da wawulonsa ya ce, "Dada, magana takan tsufa ta mutu."

Ban ja da shi ba, don a sanina gaskiya ya faɗa. Kuma idan ana maganar yadda magana take rayuwa da yadda take mutuwa, sana'ata ke nan. Ni ake aikawa binciken aure. Daga Wuro Hausa har Yolde Kohi, in yaro ya ga yarinya, iyayensa sukan ce, "Dada, je ki gano mana gidan." Ban yi boko ba, ko alif na allo da ƙyar na wuce, amma na san aikina. Ba na shiga gidan da aka aike ni. Gidan maƙwabta nake shiga, in ce kuka nake saye, in zauna in kama zancen ciwon gwiwa har bakin mutane ya buɗe. Abin da maƙiyi ya faɗa sai in zubar da rabi. Abin da masoyi ya faɗa sai in bar shi ya huce. Kafin in ɗauki magana sai na san wa ya faɗe ta, me aka taɓa yi masa, da wa yake gaba. Tsohuwar magana kuwa wadda ta riga ta bushe, ba na jiƙa ta. Gidaje nawa ne a garin nan suke zaune lafiya saboda abin da na sani na haɗiye?

Shekaru suka tafi. Bama-bamai suka lafa, shingayen hanya suka ragu, yaran da ke firamare lokacin suka fara aske gemu da reza. Bobboyi ya mallaki keken kansa. Munirat ta gama makarantar jinya, doguwa, mai hankali, ba ta da bakin uwarta balle nawa. Wani yaro Nu'uman da ke aikin ofis a Jimeta ya gan ta a asibiti, ya rasa sukuni. Ubansa ya rasu, bappansa Alhaji Usaid ne ke riƙe da gidan, shi ya aiko a kira ni. Na yi dariya na ce wannan binciken ko daga kan tabarmata zan yi shi, amma don a cika al'ada na zaga, na dawo na ce, "Alhaji, gidan talauci ne, amma ko da fitila ka shiga ba za ka samu abin kunya ba." Aka kai gaisuwa, aka karɓa.

Ba a jima ba ya sake aikowa. Na tarar da shi a falo ya haɗe rai, waya a kan cinyarsa.

"Dada, kin ce kin bincika."

"Na ce."

"To saurara." Ya danna, ya kira sunan Bobboyi da unguwarsa da sana'arsa, ya ce a gaya masa ko wane ne. Sai ga murya ta fito, ta mace, mai sanyi kamar ta amarya, Hausarta tas. Ta ce Bobboyi direban keke ne a Yola, wanda rahotanni suka danganta da harin bam na kasuwar Jimeta, kuma jami'an tsaro sun kama shi. Nan ta tsaya. Iyakar abin da ta sani ke nan.

Na ce, "'Yar gidan uban wa ce wannan?"

"Dada, na'ura ce. Ƙirƙirarriyar basira ake ce mata."

"An ƙirƙire ta kam, na ji alama. Tana kasuwar ranar? Ta ga ƙafar Zipporah? Tambaye ta wa ya gaya mata, in ji ko mutumin kirki ne."

"Ni ma ban ce ya aikata ba," in ji shi. "Na san an sake shi. Amma ni kaɗai ke da waya? Yaron nan yana neman ƙarin girma, yana neman fita karatu waje. Duk wanda ya danna zai ji surukinsa. 'Ya'yan da za su haifa fa?"

"Alhaji, kakanka na wajen uwa na san abin da ya kore shi daga Girei. Na taɓa faɗa?"

Ya yi tari ya gyara hula. Ya ce a dakata da sa rana tukuna, in an gyara maganar, shi ba shi da ja.

Zipporah tana da 'ya, Hilda, ta karanci kwamfuta tana aiki a Abuja. Uwar ta kira ta, ta sa mana muryar a fili. Hilda ta ce, "Dada, abin nan ba mutum ba ne. Karatu yake yi, ba dare ba rana. Duk abin da aka rubuta a intanet yana bi yana karantawa, yana tsintar abin da yake zaton gaskiya ne yana tarawa, gobe ya ƙara a kan na yau. Abin da ya gani a wurare da yawa, shi yake fi yarda da shi. An rubuta kamun Baba Bobboyi a wuri da yawa, ba a rubuta sakinsa ko a wuri ɗaya ba."

Na ce, "Wato magulmaciya ce wadda ba ta barci, ba ta mantuwa, ba ta kuma zuwa ta'aziyya balle ta ji kunyar idon mutane."

Ta yi dariya ta ce kusan haka. Ta ce mu ba ta lokaci, za ta rubuta wa masu shafukan da masu na'urar, kada mu yi komai tukuna.

Zipporah ta buga sandarta a ƙasa. "Lokaci? Wannan na'ura ya yi ƙarya a kan mutum da ya ɗauke ni cikin jini, ki ce lokaci? Kin ce yana yarda da mutane da yawa. To mu ba mutane da yawa ba ne?"

Maganar ta isa kunnen Jauro, mai unguwarmu, shi ma ya ce ai wannan ba sabon ciwo ba ne, maganinsa tun kakanni. A wurinmu idan aka ɓata wa mutum suna, ba a ɓoye-ɓoye. Tara jama'a ake yi a ƙofar Jauro, shaidu su miƙe ɗaya bayan ɗaya. Kuma shaida tana da ƙa'ida: sai ka fara faɗin abin da aka ce, da bakinka, ƙarara, don kada a ce an rufe wani abu, sannan ka ce, ni kuwa na shaida ba haka ba ne. In an gama a shafa fatiha. Daga ranar duk wanda ya sake tayar da zancen, shi ne abin kunya. Haka aka wanke mutane da yawa a gabana, kuma sun wanku.

Bobboyi ya ce shi dai a bar shi. Sabuwa ta ce masa, "Shirunka ya ci haƙorinka, yanzu kuma zai ci auren 'yarka?" Da wannan aka jawo shi.

Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba a ƙarƙashin dalbejiyar Jauro. Liman ya zo, faston su Zipporah ya zo da kwalarsa, 'yan ƙungiyar masu keke suka jera kekuna har bakin titi, matan kasuwar kifi suka zo da anko kamar masu biki. Har mutanen Mubin nan da suka kwana a zaurensa suka aiko babban ɗansu. Kowa ya miƙe sai ya ce, "An ce Bobboyi mai keke na Wuro Hausa shi ya kawo mai bam kasuwar Jimeta. Ni kuwa na shaida ƙarya ne." Zipporah ta ɗaga zane ta nuna dungulmin ƙafarta, maza suka kau da kai, mata suka fashe da kuka. Malam Zadok ya ƙara da cewa mutumin da ya tarbiyyantar da 'ya kamar Munirat, ma'aikaciyar jinya mai ceton rai, ba zai kashe rai ba. Aka yi ta tafi. Samari kuwa suna ta ɗauka da waya, suna rubuta kowace shaida kalma bayan kalma, da Hausa da Turanci, suna watsawa. Jauro ya ce kowa mai waya ya tura, kada a bar ko ɗaya, tunda yawa take so a ƙosar da ita. Shi kuwa mai gayya yana zaune a tsakiya, ya ja rawani ya rufe fuska har ido don kunya. Haka aka ɗauke shi a hoto.

Aka shafa fatiha, fasto ya yi tasa addu'ar, muka watse muna jin mun yi aiki. Hilda ta kira uwarta da yamma tana cewa, "Mama, me kuka yi? Mama, me kuka yi?" Zipporah ta ce, "Abin da ke kin kasa."

Karnukan mahauta suka ji ƙamshi. Shafukan da suka manta da shi suka farka: an sake tayar da batun mai keken bam ɗin Jimeta. Suka haɗa tsohon hoto mai jini da sabo mai rufaffiyar fuska, gefe da gefe. Ku da kanku ku faɗa, wanda bai san pulaku ba, in ya ga mutum ya naɗe fuska sai ido, me zai ce?

Da aka kwana biyu na ɗauki mayafina na tafi gidan Alhaji Usaid, har da ɗan taku na. Na ce, "Danna mata. Yau ta ji daga bakin mutanen kirki."

Ya danna. Da can numfashi ɗaya ta yi ta gama. Yau sai ta gyara zama. Ta ce Bobboyi sanannen mutum ne dangane da harin kasuwar Jimeta. Ta ce majiyoyi masu yawa sun ambaci zargin cewa shi ya kai maharin. Ta ce har yanzu ana taƙaddama a kan rawar da ya taka, ko da yake wasu mazauna unguwarsa sun musanta. Wasu mazauna unguwarsa! Liman da fasto da Jauro da ƙafar Zipporah, duk ta dunƙule su a ciki kamar ƙullin gishirin naira biyar. Sannan ta ƙara, da muryar nan tata mai sanyi, cewa yana da 'ya mai suna Munirat Bobboyi, ma'aikaciyar jinya a Yola.

Alhaji ya kife wayar a kan cinyarsa. Ni kuwa na ja mayafina na fito.

Ita ba ta san ƙa'idar shaida ba. Ba ta san cewa wanda ya maimaita zargi a ƙofar Jauro, don ya binne shi ya maimaita ba. Ta ƙirga sau nawa sunansa ya zauna kusa da bam, ta ga ya yi yawa, ta ce lallai akwai wani abu. Mu muka zo da ruwa da sabulu, ita ta ɗauka turoso muke ƙarawa. Ba ta shafa fatiha, ba a rufe zance a wurinta.

Ba a janye maganar auren da faɗa ba, mutanen Yola ba sa haka. Shiru kawai aka yi, irin shirun da kowa ya san fassararsa. Nu'uman ya zo sau ɗaya ya tsaya a zaure yana share ido, ya ce bappansa ne ubansa, ba yadda zai yi. Na ce masa, "Je ka, ɗana. Allah ya haɗa ka da wadda waya ta yarda da ubanta." Hilda ta yi ta rubuce-rubucenta, baiwar Allah. Aka amsa mata da godiya, ta ce wata na'urar ce ma ta amsa. Daga baya dai aka ɗan ƙara wani guntu a ƙarshe, wai ba a tabbatar da zargin ba. Ba a tabbatar ba. Ku je ku nemi aure da wannan ku gani.

A asibiti aka fara kallon Munirat. Ba wanda ya ce mata komai, sai dai in ta shigo ɗakin hutu hira ta mutu. Wata mai jego ta karanta sunan da ke maƙale a ƙirjinta, ta latsa waya, ta ce a canza mata nas.

Bobboyi ne da kansa ya yanke hukunci. Ina wurin, don Sabuwa ta aiko in zo. Ya zauna a bakin ƙofar ɗaki, bai dubi 'yar ba, ƙasa yake kallo. Ya ce, "Gobe ki shirya, za mu kotu ki yi rantsuwar canjin suna. Ki ɗauki na bappanki Gidado." Gidado ƙanensa ne, manomi a Yolde Kohi, mutumin da ko hoton katin zaɓe bai fito da kyau ba.

Munirat ta ce, "Baba, ni ban ji kunyar sunanka ba."

"Na sani."

"To ba zan cire ba. Su bar aurensu."

"Ba shawara na kawo ba," in ji shi. Tun da na san shi ban taɓa jin ya yi wa wani tsawa ba, ranar ma bai yi ba, amma muryar ba ta bar ƙofa ba. "Na ɗauki mutane da yawa a keken nan, kowa in ya iso inda za shi sauka yake yi. Ke ma kin iso. Sauka."

Shi ya kai ta kotun a kekensa, ya jira a waje cikin rana, ya dawo da ita. Ta nemi canjin wurin aiki zuwa Jalingo, aka ba ta. Can wani malamin sakandare ya gan ta. Mutanensa ba su aiko kowace tsohuwa ba, yanzu wa ke aiken tsohuwa? Waya suka danna. Ta ce ba ta da wani bayani a kan Munirat Gidado. Suka ce alhamdulillahi, gidan mutunci ne.

A Yolde Kohi aka ɗaura auren, a ƙofar Gidado, shi ne waliyyi, shi aka yi wa barka. Bobboyi ya wuni yana jigilar baƙi daga bakin titi zuwa gidan, don hanyar ba ta shiga mota. Wani daga dangin ango ya miƙa masa kuɗin keke, ya ce a'a, an riga an biya. Mutumin ya ce, "Kai, masu keken Yola akwai kirki. Yaya sunanka?" Ya ce, "Mai keke dai."

Ni ya ɗauko ƙarshe, da za a koma. Muna tafe har muka hango fitilun gari. Na ce, "Bobboyi." Ya ce, "Na'am, Dada." Ba abin da zan ce masa. Na kira ne kawai, don tun safe ban ji wanda ya kama sunan ba.

Yanzu Munirat ta haihu, namiji. In ta kira Sabuwa a waya, gaban mijinta, sai ta ce, "Ina wancan mutumin? A gaishe shi." Uwarsa ma haka take cewa. Sabuwa takan miƙa masa wayar, ya karɓa da hannu biyu, ya saurari kukan jikan da ba a sa wa sunansa ba, ya ce, "Madalla, madalla," ya mayar mata, ya fita ya tayar da keke.